Ranar da Anti ta ƙi karɓar "da sauƙi"

Shekarun baya da ɗan dama, muna haya a Kurudu, a gefen Abuja, matata ta haifa mana 'ya mace. Ni a Apo nake neman abinci, wayoyin mota nake gyarawa, aikin da ake ce wa riwaya. Kullum in fita da sassafe, in dawo hannu baƙi ƙirin, kai cike da ƙarar hon. Haihuwar ta zo da sauƙi, a asibiti aka yi, washegari aka sallamo su. Da yake ba haihuwar fari ba ce, ba ta tafi gida wanka ba, sai mahaifiyata ta taso daga garinmu ta zo ta kula da ita. Ta zo da kanwa, da daddawa, da kuka, da dokoki iri-iri.

Gidan da muke ciki irin mai ɗakuna a jere ne, kowa da yarensa, Hausa ce ke haɗa mu a bakin rijiya. Ɗakin ƙarshe na wata mata ce da kowa ke ce wa Anti. Kirista ce, 'yar wajen Filato, ta fara manyanta, 'ya'yanta duk sun watse neman na kansu. Ma'aikaciyar lafiya ce a wani ɗan asibitin ƙauye can gaba da Kurudu, cikin manoma, inda sai an hau acaɓa an tsallake rafi. Ba likita ba ce, ita ma ba ta taɓa cewa ita likita ce ba. Hausarta irin ta nan Abuja ce, namiji "shi", mace ma "shi", kowa dai shi ne. Ni a lokacin kallon mai yawan tambaya nake yi mata. Ka ce mata kanka na ciwo, ta ce wane gefe. Ka ce ko'ina, ta ce tun yaushe. Kafin ta miƙo maka magani ciwon ya gaji ya tafi da kansa.

Ana gobe suna ban je gareji ba. Gida ya cika, rago na ɗaure a gindin mangwaro, mata na ta suyar cincin, 'yan barka na shiga suna fita. Ni kuwa ina ta kai-komo da waya a kunne, ina ba da umarnin da babu mai bi. Duk wanda ya shiga ɗakin mai jego zai ce, "Sannu, yaya jiki?" Ita kuma ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ni ma na leƙa na tambaya, ba sau ɗaya ba, amsar dai ita ce. Na lura fuskarta ta ɗan cika, sai na ce a raina kunun Inna ne ya fara aiki, har ina jin daɗi.

Bayan la'asar Anti ta dawo daga aiki, ko rigar asibitin ba ta cire ba ta shigo da sabulun barka a leda. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da labule.

"Maman bebi, sannu. Yaya jiki?"

"Da sauƙi, Anti."

"Mun gode Allah. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta ɗauki jaririyar, ta yaba gashi, ta ce Allah ya taimaki yarinya ba ta ɗauko goshin ubanta ba. Mata suka yi dariya, ni ma na yi, don babu yadda na iya. Na zaci za ta miƙe ta tafi kamar kowa. Maimakon haka sai ta ce wa matan su ɗan ba ta wuri za ta duba cibiya. Suka fita, Inna kaɗai ta ƙi motsawa daga kan tabarmarta. Anti ba ta ko kalli cibiyar ba. Ta zauna a ƙasa daf da katifa, ta dafa hannun matata.

"To, wannan na gaisuwa ne, na karɓa. Yanzu ba ni na asibiti. Wane abu ka yi jiya da kanka, yau ya gagare ka?"

Matata ta juya fuska wajen da Inna take. Inna ta ce, "Lafiyarta ƙalau, baiwar Allah. Ɗan ciwon kai ne na jego, mu ma duk mun yi."

"Gaskiya ne, Mama," in ji Anti. Amma ba ta saki hannun ba, ba ta kuma sake cewa komai ba. Jira kawai take yi. Shirun ya yi tsawon da ni da ke tsaye na fara jin kunya, har na buɗe baki zan ce wani abu don in cike wurin. Ta ɗago ido ta kalle ni sau ɗaya, na rufe bakina.

Can sai matata ta ce, a hankali ƙwarai, "Jiya ni na sa wa jaririya riga. Yau na kasa samun maɓallin."

"Hannu ne ko ido?"

"Ido."

"Kana ganina yanzu?"

"Ina jin muryarki. Gani nake kamar kina bayan hayaƙi. Wani abu kuma na ta walƙiya a gefe."

"Tun yaushe?"

"Tun safe."

Tun safe ke nan take gaisawa da mutane da murya, tana gane kowa da maganarsa, tana tambayar mutan gida, babu wanda ya lura. Har da ni, mijinta, mai murnar kumatu.

Anti ta tafi ɗakinta da sauri ta ɗauko abin awon jini. Ta ɗaura a dantse, ta matsa, ta saurara, ta kwance, ta mayar ɗaya hannun. Ta danna ƙafar matata da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta tambaye ta ko ƙarƙashin haƙarƙari na yi mata ciwo, matata ta gyaɗa kai. Sai ta juyo gare ni.

"Oga riwaya, nemo mota. Yanzu-yanzu."

"Anti, gobe fa suna. Ba za a bari a gama ba?"

"Na san gobe suna. Jinin shi ya hau sosai. In jijjiga ya kama shi a ɗakin nan, ba ni da abin da zan yi ma shi. Wallahi ba wasa nake ba."

Ni a sanina jijjiga ciwon masu ciki ne, in an sauka lafiya an tsallake. Inna ma haka ta sani. Ta ce ina aka taɓa fitar da mai jego ana gobe suna, ga ruwan wanka a kan wuta, ga baƙi sun taso tun daga gida, me za a ce musu. Na tsaya tsakanin uwata da maƙwabciyata, na rasa wanda zan kalla.

Anti ba ta yi musu da ita ba. Ta matsa kusa, ta durƙusa, ta ce, "Mama, ke kin haifa, kin riƙe masu jego da yawa, kin fi ni sani. Ki gwada shi da kanki."

Inna ta ɗauki ludayin da ke cikin kwanon kunu, ta ɗaga shi a gaban surukarta.

"Ke, mene ne wannan a hannuna?"

Matata ta juya wajen muryar, idonta a buɗe, hawaye na zuba. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri."

Ludayin ya faɗi a kan tabarma. Inna ta miƙe da saurin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ɗauki jaririya ta saɓa, ta dube ni ta ce, "Kai kuma tsayuwar me kake yi kamar an dasa ka?"

Motar abokina muka samu, wanda ya zo taya ni kafa rumfa. Ni na yi wa motar wayoyi da hannuna, saboda haka sai da aka tura ta kafin ta tashi. Allah ya taimake mu lokacin tashi daga aiki ne, cunkoson duk yana hannun masu fitowa daga cikin gari, namu hannun a buɗe. Anti ta kwantar da matata a gefen hagu, ta ɗora kanta a cinyarta, tana yi mata hira tana sa ta amsawa, ɗaya hannun kuma tana waya da wata da ta sani a babban asibiti. Inna na gaba da jaririya tana ta salati. Ni an matse ni a jikin ƙofa, babu abin da nake tsinanawa sai cewa abokina ya ƙara wuta.

Ana ɗora matata a gadon asibiti jijjigar ta zo. Ba zan kwatanta muku ba, don har yau ba na son tunawa. Na dai ga matata ta zama wata halittar da ban sani ba. Amma saboda wayar da Anti ta yi, allura na haɗe ana jira. Suka rufu a kanta, aka kore ni waje. Da likitan ya fito ya ce mun zo a kan gaɓa, na zauna a dandaryar ƙasa na yi kukan da rabona da yi tun ina yaro. Abokina ya juya baya yana duba tayar motarsa, wadda babu abin da ya same ta.

Washegari aka raɗa suna a ƙofar gida babu mai jego. Ana shafa fatiha na bar mutane da ragonsu na koma asibiti, na sunkuya na faɗa mata sunan a kunne. Idonta a rufe, ta yi murmushi. Ganin nata a hankali ya riƙa dawowa, yau ta gane taga, gobe ta gane fuska, har ranar da ta ce mini rigata ta yi datti. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

A kwanakin jinyar ne na ga abin da ya ɗaure mini kai. Wata nas, yarinya ƙarama mai hijabi, Bahaushiya sak, ta zo kan matar da ke gadon kusa da namu. Suka gaisa, matar ta ce da sauƙi. Nas ɗin ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "To, na karɓi na gaisuwa. Yanzu ba ni na asibiti." Na kusa faɗowa daga benci. Da ta gama na tare ta na tambaye ta inda ta samo wannan magana. Ta yi dariya ta ce lokacin tana makaranta an tura ta koyon aiki wani ƙauye gaba da Kurudu, wajen wata Anti. Ta ce yanzu a ɗakin nan kusan kowa haka yake tambaya, wasu ma ba su san daga ina abin ya fito ba.

Bayan an sallamo mu, wata Lahadi na sami Anti ta dawo daga coci tana ɓarar agushi a ƙofar ɗakinta. Na kai mata soyayyen naman suna da Inna ta ɓoye mata, na zauna na ce sai ta gaya mini yadda aka yi ta gane.

Ta ce ita ba ta gane komai ba, tambaya kawai ta yi. Ta ce tun tana sabuwar ma'aikaciya wasu malamai daga jami'a suka tara ma'aikatan asibitocin ƙauye suka yi musu bita a kan bincike. Ita ta je ne don an ce za a ba da shinkafa da kaza, a tunaninta bincike aikin furofesa ne mai farin gashi. Sai wata malama ta ce kowa ya kawo abu ɗaya da ke hana shi barci a wurin aikinsa. Anti ta ce nata shi ne masu jego. Takan bi su gida bayan haihuwa, su ce mata da sauƙi, ta dawo da murna, bayan kwana biyu a kawo mace a kan babur ba ta san inda kanta yake ba. Wata ma ba a kawowa, sai dai ta ji an binne.

"Malamar ya ce, wa ya gaya miki da sauƙi? Na ce, shi mai jegon. Ya ce, me kin tambaye shi? Na ce, yaya jiki. Ya ce, to in yana mutuwa me zai ce? Oga riwaya, na buɗe baki, ba amsa. Ni fa a kasuwa da coci na koyi Hausa. In mutum ya ce da sauƙi, ni na ɗauka da sauƙi ne."

Malamar ba ta ba ta amsa ba. Ta ce ta je ta gano da kanta, kada ta yi zato, ta tambaya ta yi shiru, ta kuma tambayi mutane da yawa kafin ta yarda da abu. Anti ta ce damina guda ta yi tana bin gonaki da gidaje, tana zama da tsofaffi. Wata ungozoma ta yi mata dariya har da riƙe ciki, ta ce mata ko gawa aka gaisar, in za ta iya magana da sauƙi za ta ce. Wata ta ce mata wanda ya ce babu sauƙi ya yi wa Allah butulci, ya kuma tayar da hankalin wanda ya zo gaishe shi. Manoman da Hausa ba yarensu ba ce kuwa, amsar ke nan guda da suka koya, ba su ma san akwai wata ba.

Daga nan ta shiga gwada tambayoyi, kamar yadda aka koya musu. Ina ke ciwo? Babu. Kina cin abinci? Ina ci. Ta yi ta sauyawa har ta faɗo kan wadda ke buɗe baki.

"Mace ba zai ce maka jikin shi ba daɗi, kunya ne. Amma zai gaya maka ya kasa ɗaga tulu, ya kasa goya yaro, don wannan yana damun shi. Kuma dole ka karɓi na gaisuwa tukuna. In ba ka karɓa ba, ka mai da shi maƙaryaci, ba zai sake gaya maka komai ba."

Na tambaye ta sunan malamar, don a raina ina son in neme ta in yi mata godiya. Anti ta yi tunani ta yi tunani, ta ce ta manta. Gajeriya ce dai mai gilashi, ba ta son hayaniya. Masu bitar sun tafi ba su sake dawowa ba, takardar shaidar da suka ba ta ma gara ta cinye tun tuni. Da na lissafa shekarun da ta faɗa, sai na ga lokacin da aka yi wannan bita matata tana firamare.

Wannan shi ne abin da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Wata mata da ban sani ba, ba ta san ni ba, wataƙila ma ba ta da rai, ta yi wa wata ma'aikaciyar ƙauye tambaya guda a cikin aji. Ba magani ta ba ta ba, ba na'ura ba. Tambayar ta zauna a kan Anti shekara da shekaru, ta bi ta ƙauye, ta bi ta gidan haya, har ta iso ɗakina ranar da nake tsaye riƙe da labule ban san matata ba ta gani ba. Na tabbata malamar ta koma gida a ranar tana ganin wani aiki ne kawai ta yi ta gama. Ni da nake yi wa masu zuwa bita kallon 'yan cin kaza, yanzu in na ji an ce an tara ma'aikatan ƙauye ana koya musu wani abu, shiru nake yi. Ikon Allah ya wuce yadda muke zato, kuma ta hannun mutane yake biyowa.

Anti ta yi ritaya ta koma gida Filato, mukan yi waya lokacin Kirsimeti da Sallah. Ni kuma har gobe in aka ce yaya jiki, da sauƙi nake cewa, don kalma ce mai kyau, haka aka rene mu. Amma na koyi jawo kujera. Ko Inna na kira a waya, in mun gama gaisuwa sai in ce, "Inna, me kika kasa yi yau?" Takan ce ta kasa samun ɗan da zai bar ta ta huta da tambaya. Daga baya kuma sai ta gaya mini gwiwa ce.

Abu ɗaya ne na daɗe ban tambaya ba. Sai kwanakin baya, muna zaune da matata bayan cin abinci, yarinyar tana waje tana wasa da ƙawayenta, na ce mata, "Wai don Allah, ranar nan, me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "In ce me? Gida cike da mutane, Inna ta taso tun daga gida saboda ni, kai kana ta murna."

Na ce, "Ba ki ji tsoro ba?"

Ta ture kwanon da ke gabanta. Sannan ta ce, "Na ji. Tun azahar na sa a raina tafiya ce ta zo. Ban roƙi Allah ya ba ni lafiya ba ma, na ga kamar na makara. Abin da na roƙa guda ne, ya kai ni safiya in ji sunan da za ka sa mata."

Ta share ido da gefen mayafi, ta juya wajen ƙofa, ta ƙwala wa yarinyar kira ta zo ta kwashe kwanuka. Yarinyar ba ta amsa ba, wasa ya yi daɗi, sai da ta sake kira da ƙarfi. Ni dai ina zaune ina sauraron sunan yana fita daga bakinta.